Ɗaurin Itacen da Ka Tsallake

Unguwar Sintali, Jalingo.
Ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah ya riƙe motar da za ta ɗauke ka gobe, ya tsallakar da kai Binuwai lafiya a Lau, ya sauke ka Zariya da lafiyar jiki da natsuwar zuciya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa, da sharrin abokin da zai yi maka dariya a fuska kawai. Amin.

Bayan haka, wannan takarda a ƙarƙashin shuɗiyar rigarka na sa ta cikin akwati, na san ba za ka gan ta ba sai ka sauka ka kwance kaya. Da gangan na yi. Kwana huɗu ke nan muna gida ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na ɗaure fuska, kai ma ka ɗaure taka, irin ɗaurewar da ka gada a wurina. Innarka ta gaji da kai-kawo a tsakaninmu. Ba na so ka tafi koyon aikin magani na shekara uku da wannan shiru a cikin kayanka, don na san inda yake kai mutum. Na taɓa bin sa har ƙarshensa.

Yau da safe ka fito daga ɗakinka ka tarar da ɗaurin itace a bakin ƙofa. Ka tsallake shi, na ji kana tambayar innarka wane marar hankali ne ya ajiye itacen girki a hanyar mutane. To, marar hankalin ni ne. Ka daure ka karanta har ƙarshe, za ka ji dalili.

Ka tuna ranar Asabar a marina. Na tsoma yatsa a karofi, ramin rininmu, na ɗora a harshe, kamar yadda nake yi kullum don in ji ko ruwan ya nuna. Mutum uku na tsaye, har da baƙon da ya kawo zannuwa daga Sunkani. Sai ka ce, da muryar nan taku ta 'yan makaranta, "Baba, don Allah ka daina wannan, ƙazanta ce. Akwai 'yar takarda da ake tsomawa ta nuna ƙarfin ruwa, ba sai an lasa ba. Rashin sani ne yake wahalar da ku." Na ce maka, "To, malam, mun ji." Daga nan na kulle bakina. Kai ka ɗauka zafin maganar ne ya kulle shi. Ko kusa. Muryata na ji ta fito daga bakinka, muryar da na yi magana da ita a daidai wannan wuri shekara goma sha uku da suka wuce.

Ban taɓa ba ka labarin Indiya yadda ya kamata ba. Kana ɗan shekara huɗu na tafi soja, abin da kuka sani kawai jirgin ruwa, da dajin ƙasar Bama, da lambar da ke cikin adakar innarka. Wanda ban faɗa ba shi ne wannan.

Zazzaɓin daji ya kayar da ni, aka fito da ni aka kai ni wani asibitin soja a ƙasar Indiya, a bakin wani kogi mai faɗi. Har yau in na lumshe ido ina ganinsa. Da sassafe tururi yakan kwanta a kan ruwan, kwale-kwale su riƙa fitowa daga cikinsa a hankali ba ka jin motsinsu, can nesa kuma ana kaɗa wata 'yar ƙararrawa. Da na fara samun ƙarfi aka ba ni aikin kai zannuwan gado wurin masu wanki a bakin ruwa. Rana ta uku iska ta kawo mini wani wari. Abba, warin karofi! Warin nan da kake toshe hanci saboda shi in ka kawo mini abinci. Na yar da kayan na bi shi kamar akuya ta ji dusa. A bayan wata bukka na tarar da wani tsoho siriri, ba riga, ɗaure da farin zane, ya ja farin layi uku a goshi, yana tsugune gaban randuna huɗu da aka binne har wuya. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, kamar na kakanka. Ni soja guda, na tsaya ina share hawaye da hula.

Sunansa Mohan. Mabiyin addinin Hindu ne, marini ɗan marini, yana kuma taya masu wankin asibiti. Da guntun Turancina na soja da guntun nasa muke magana, sauran mu cika da hannu da ido.

Kuskurena na farko raini ne. Shuɗin tsohon nan ya fi namu zurfi, ni kuwa a soja na koyi boko, ina da fensir da ɗan littafi, kaina ya kumbura. Washegari na je na tsaya a kansa, ko tsugunawa ban yi ba, na ce ya faɗa mini abin da yake zubawa a randa. A raina ina cewa, mutumin da ba ya salla, mai wankin zanen gado, me ya sani ban da wannan? In karɓi abin da ya kawo ni in wuce. Ya dube ni, ya dubi fensir, ya ce, "Soja, ina itacenka?"

Na ɗauka ciniki yake nema. Ashe ba haka ba ne. Ya ce a koyarwarsu ta dā, mai son ya koyi wani abu ba ya zuwa wurin malami hannu sake, ba ya kuma zuwa da dukiya. Itacen wuta yake ɗaurowa da hannunsa ya ajiye a gaban malamin. Ma'anarsa, ga ni na zo, kai ke da wuta, ni ba ni da ita. Na yi tsaki na tafi. Kwana biyu warin nan bai bar ni na huta ba. Rana ta uku na kakkaryo rassa a hanya na zube masa. Ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa, bai karye ba, ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce, "Ɗanye ne. Wannan hayaƙi kawai zai yi. Kai ma haka ka zo." Wallahi da ina da ƙarfi a lokacin da na yi masa rashin kunya. Amma na koma na nemo busasshe, na tsuguna na ajiye. Ran nan ya matsa mini gefen tabarmarsa.

Don haka ga nasihata ta farko. Duk wanda za ka koya a wurinsa, ko likita Bature ne, ko tsohuwar da ta shekara ashirin tana share ɗakin marasa lafiya, ka tsuguna tukuna. Kada ka fara da duba rigarsa ko garinsu. Kuma ka duba kanka ko ɗanye ka zo, don wanda ya zo da amsarsa a aljihu ba ya jin abin da ake gaya masa.

Wata biyu na yi ina zuwa wurin Mohan kowace safiya da itacena. Bai faɗa mini abin da yake zubawa ba. Aiki yake sa ni, in juya ruwa, in matse zane, in shanya. Magana kuwa sai ya ga dama, kuma ba a kan rini kaɗai ba.

Wata rana ya ga ina rubutu, sai ya ce malamansu na dā sun raba sani gida biyu. Kowanne da sunansa a harshensu, sunayen sun ɓace mini. Akwai ƙaramin sani, shi ne duk abin da za a ƙirga, a sa masa suna, a rubuta, a haddace. Ya ce har littattafan addinin nasu, in a leɓe suka tsaya, cikin ƙaramin suke. Bai raina shi ba, ya ce da shi ake noma da magani da gina gada. Sannan akwai babban sani, shi ne mutum ya san wanda yake yin sanin. Na ce, "Ni ne mana, Garba." Ya ce, "Garba suna ne da aka sa maka. Kafin zazzaɓi kana da jiki, yanzu ka rame, jiki ya sauya. Shekaranjiya kana fushi da ni, yau kana dariya, zuciya ta sauya. To wane ne ya zauna bai sauya ba, yana kallon duk wannan?" Har yau, Abba, wani lokaci ina tsaka da juya karofi sai tambayar nan ta zo ta zauna kusa da ni.

Wata safiyar kuma ya kira ni bakin randa. Kumfa ta rufe ruwan, mai ƙyallin jan ƙarfe. Ya ce me na gani, na ce kumfa. Ya sa gefen hannu ya ture ta a hankali, sai ga ruwa kore garau, ga sama a ciki, ga fuskata. Ya ce mutane suna zaton jahilci rami ne da za a yi ta cikawa da karatu. A wurinsu rufi ne. Abin yana nan tuntuni, turewa ake yi. Ya ce akwai wanda karatunsa ma ƙara masa kumfa yake yi.

Ya kuma nuna mini da zane cewa sani hawa uku ne. Ka ji daga bakin wanda ya sani, wannan tsomawa ce. Ka fito da abin ka juya shi a zuciyarka, ka yi masa tambaya, ka yi shakkarsa har shakkar ta ƙare, wannan shanyawa ce a iska. Sannan ka zauna da shi, ka mayar ka fitar, yau da gobe, har ya zama ba ka riƙe da shi, shi ne ya kama ka. Ya ce zanen da aka tsoma sau ɗaya yana da kyau a ido, amma wankin farko zai tafi da launin.

A nan ne na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna tun ina yaro. Zane yana fitowa daga ruwa kore, kana riƙe da shi kana kallo ya juye shuɗi. Me ke juya shi? Tsohon nan ya ɗaga zanen sama, muka tsaya muna kallo har ya gama juyewa, sannan ya ce, "Ban sani ba." Ya faɗe ta da daɗi, ba kunya ba kame-kame. Ban taɓa jin dattijo ya faɗi kalmar nan da sakin fuska haka ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kada ka ce mahaifinka ya je Indiya ya saki addininsa. Ko taki ɗaya ban matsa ba. Akwai inda muka rabu da shi. Ya ce wanda ke kallo ta idonsa shi ne ke kallo ta idona, da idon saniya, da idon tsuntsu, duk guda ne, kuma wanda ya ga haka ba ya iya raina kowa. Na ce masa a'a, Ubangiji Ubangiji ne, bawa bawa ne. Bai yi gardama ba. Murmushi ya yi ya nuna mini ƙasa, inuwar bukka ta kai randa ta biyu, ya ce, "Je ka yi sallarka, lokaci ya yi." Shi ke tuna mini azahar kullum. Ban karɓi maganarsa ta farko ba, amma rashin rainin nan na gan shi a jikinsa da idona, kuma na ji kunyar kaina.

Kuskurena na biyu shi ne babba. Ranar da za a kwashe mu zuwa jirgi, Mohan ya ce in kawo littafina. Ya faɗa mini komai: farar ƙasa tafi kaza, mazarƙwaila dunƙule kaza, ganyen baba mai ba da shuɗi kaza, kwana kaza. Da na gama ya dafa littafin ya ce, "Rubuta in kana so, amma takardarka ba ta da harshe. Ruwan garinku ba ruwan nan ba ne. In ka koma, ka kai wa mahaifinka itace." Na rubuta awon duka, ban bar ko ɗaya ba. Maganar ƙarshen ce kawai ban rubuta ba, don a ganina ba ta cikin haɗin.

Na dawo Jalingo da kaki da takalmi mai ƙara, ina tafiya ina jin duwatsun nan namu sun yi mini ƙanana. Kakanka, wanda ka ci sunansa har ba na iya kiran sunanka na yanka, yana nan a marina da karofinsa uku. Babban cikinsu da hannunsa ya haƙa shi shekarar da ya zo daga Kano, ya san halinsa fiye da yadda ya san nawa. Ana saura kwanaki salla wani Jauro, mai garin wani ƙauye daga wajen Sunkani, ya kawo babbar rigarsa ta saƙi a rina masa. Kakanka ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce da sauran kwana uku kafin ruwan ya nuna. Ni kuwa, a gaban Jauro da mutanensa, na zaro littafi na ce, "Baba, zamanin lashe-lashe ya wuce. Na je inda ake rini na gaske, ga shi nan a rubuce." Ya dube ni ya ce, "To, soja." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari ya tafi ta'aziyya Iware, zai kwana biyu. Na ce yawwa, kafin ya dawo zan nuna masa. Na yi lissafi, karofinmu ya yi randar Mohan ashirin, na ninka farar ƙasa sau ashirin na zuba, na bi ta da mazarƙwaila. Ban tsaya na tuna cewa ruwanmu ya riga ya sha toka da katsi, ƙonanniyar lakar gindin karofi, ba, ƙarfinsa ya ishe shi. Ban lasa ba, ina ni ina lasa, ai ni mai takarda ne. Da gari ya waye kumfar ta mutu, warin ya sauya. Ko wawa ya ga haka ya tsaya. Ni na duba littafi, littafi ya ce daidai ne, na ɗauko rigar Jauro na tsoma. Ta fito toka-toka, dabbare-dabbare, da na matse ta sai na ji zaren kafaɗa ya ce ɓarak.

Kakanka ya dawo washegari da hantsi. Ya tsuguna bakin karofi, ya tsoma yatsa ya lasa, ya tofar. Na ga yadda ruwan ya ƙona masa harshe. Na tsaya ina jiran zagi, wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai ko dube ni ba. Ya naɗe rigar ya sa a hammata, ya tafi har Sunkani a ƙafa, ya cire hula gaban Jauro ya ce shi ne ya yi kuskure, tsufa ya fara taɓa shi. Mutumin da ya shekara talatin ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Da ya dawo muka kwana biyu muna kwashe ruwan karofin nan da ƙwarya, ni da shi.

Nasihata a nan, ka ji ta da kyau, don ba takarda nake zagi ba. Takardar Mohan gaskiya ce, a randar Mohan. Abin da za su koya maka a kan zazzaɓi da ciwon ciki gaskiya ne, ka haddace shi sarai, kada ka yi wasa. Amma ranar da aka kawo maka wata tsohuwa daga bayan dutse, wadda ba ta ci abinci ba kwana uku, Hausarta ma guntu-guntu ce, ka tuna ita wani ruwa ce daban. Ka taɓa ta, ka tambaye ta, ka dubi idonta kafin ka dubi littafi. In littafi ya ce daidai ne amma abin da ke gabanka ya ce a'a, ka tsaya ka nemi wanda ya fi ka. Ni riga na kashe, kai kuwa rai za a riƙa ba ka.

Kuskure na uku shi ne wanda ba ya gyaruwa. Muna cikin kwashe ruwan nan maganar da ban rubuta ba ta dawo mini. Bayan mako guda na ɗauki gatari na bi hanyar Iware, na saro busasshiyar ƙirya na ɗaure da kyau. Niyyata in ajiye a gabansa in tsuguna, in ba shi labarin tsohon Indiya, in ce Baba ka koya mini. Da na iso ƙofar gida sai na tarar da abokansa uku a zaure suna hira. Kunya ta kama ni. Soja mai lamba ya shigo da itace a ka a gaban dattawa? Na zagaya ta baya na jefa shi gindin murhu, da yamma aka tuƙa tuwo da shi. Na ce gobe.

Goben nan wata bakwai ta yi. Kullum muna marina tare, kafaɗa da kafaɗa. Yana lasa ina satar kallonsa. Yana jira in tambaya, ina jira ya kira ni. Ba faɗa muke yi ba, ina gaishe shi yana amsawa, ina ɗebo ruwa yana cewa sannu. Da damina ta yi tsakiya ciwon ƙirji ya kama shi, kwana huɗu kacal. Ranar ƙarshe da hantsi ina zaune kusa da shi, ya kamo hannuna ya juya tafin, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Bai kama ba tukuna." Na buɗe baki in yi magana, sai mutane suka shigo dubiya, na matsa musu. Kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da zai koya mini a rani ɗaya, shekara shida na yi ina lalube. Sau biyu na sake kashe karofi. Ranar da harshena ya fara ganewa, wata safiya ce bayan an yi ruwa, na lasa na ji wani ɗan zaƙi a bayan ɗacin, jikina duka ya ce ya nuna. Na juya da sauri in gaya masa. Ba kowa a wurin sai turmin da yake zama a kai. Na zauna a kan turmin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Har yanzu wasu safiyoyin, in tururi ya kwanta a kan Lamurde, kogin nan namu da wancan na Indiya sukan haɗe mini su zama ɗaya. Sai in ga tsofaffin nan biyu a bakin babban karofi, ɗaya da hula ɗaya da farin layi a goshi, kowa hannunsa shuɗi, suna miƙa wa juna zane ba sa magana. Ba su taɓa haɗuwa ba, ba mai jin harshen wani, amma na tabbata da sun ga hannun juna sun gane. Ni ne a tsakiya da fensir.

Nasiha a nan gajeriya ce. In ka ɓata wa wanda ya girme ka, ko wanda ka girma, kada ka ce gobe. Kunyar mutum uku a zaure ta wuni ɗaya ce, na saye ta da abin da har yau nake ɗauke da shi.

Na daɗe ina ɗora laifin duka a kaina, kuma nawa ne mafi yawa. Amma da na kai shekarun da na kai, na gane kakanka ma, Allah ya gafarta masa, shirunsa ya yi tsawo. Da ya ce mini sau ɗaya, zo nan ɗan banza ka lasa ka ji, da na zo da gudu. Ranar Asabar da na ce maka "To, malam," sai da na kai gida na gane maganarsa ce na maimaita, har da yadda ya juya baya. Kwana huɗu na yi ina jira ka zo ka ba ni haƙuri, kai kuma kana jira in kira ka. Wannan shi ne kuskurena na huɗu, kuma shi kaɗai ne a cikinsu wanda lokacinsa bai wuce ba.

Ka yi mini rashin ladabi a gaban baƙi, wannan gaskiya ne, ba zan ce maka daidai ka yi ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Na yafe maka duniya da lahira, magana ta ƙare. Amma akwai abin da ka faɗa kana tafiya, ƙasa-ƙasa, ka ɗauka ban ji ba. Ka ce, "Ko abin da ke juya zanen ya zama shuɗi ba ku sani ba, alhali a cikin iska yake." Abba, na ji. Tun ina yaro nake riƙe zane ina kallonsa yana juyewa. Na tambayi kakanka ya ce ikon Allah, kuma gaskiya ya faɗa. Na tambayi Mohan ya ce bai sani ba. Na ƙetare teku na dawo da tambayar nan, ashe amsar tana ɗakin da ke kallon nawa, tana cin tuwo a kwanona.

Shi ya sa jiya na ɗauki gatari na bi hanyar Iware. Gwiwata ba kamar dā ba, sai da na huta sau uku. Na saro busasshiyar ƙirya, na lanƙwasa kowanne na ji ya karye, na ɗaure na ɗora a ka. Wannan karon ban zagaya ba. Ta tsakiyar kasuwa na bi, matan Mumuye masu itace suna ta yi mini dariya, ɗaya ta ce, "Baba marini, matarka ya kore ka ne?" Na ce mata makaranta zan shiga. Na wuce ta zaure a gaban kowa. Yau bayan sallar asuba na ajiye shi a ƙofar ɗakinka, na koma gefe ina jira ka fito. Ka fito ka tsallake. Ba laifinka ba ne, ban taɓa gaya maka ma'anarsa ba, kuma da na buɗe baki sai tsohon halina ya riƙe mini harshe. To ga shi na faɗa a takarda, ka ga ita ma tana da ranarta.

Abin da nake roƙo, in ka natsu ka rubuto mini. Ka bayyana mini mene ne a cikin iskar, yaya yake shiga zane, a hankali yadda tsohon soja zai gane, kada ka cika Turanci. In ka samu 'yar takardar nan da ake tsomawa ka sa mini a ciki. Zan tsoma ta, zan kuma lasa, mu ga ko za su yi gardama. In akwai abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, da sakin fuska. Ba zan raina ka ba.

Na hana innarka taɓa itacen. Ta ce gara za ta cinye shi kafin ka dawo, na ce in ta cinye in saro wani. Yana nan a ƙofarka. In ka zo hutu, kana da sha'awar sanin abin da harshen nan ya shekara shida yana nema, ba sai ka je daji ba, ka zaro ɗaya daga ciki ka kawo mini marina, zan gane. Sai dai kada ka ce gobe, don ban san damina nawa ta rage mini ba.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka ci abinci ko bai yi maka daɗi ba. Innarka tana gaishe ka tun kafin ka tafi. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa ya kama ka har wanki ya kasa fitar da shi. Allah ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka tarar da mu. Amin summa amin.

Ina jiran amsa, malam. Ɗalibinka ya kawo itacensa, yana tsugune.

Mahaifinka,
Garba Marini.